Wuƙar alfarma a aljihun ma'aikaci: A fita da ita kullum ko a bar ta gida?

A gidajen ma'aikata da yawa na Arewa, har da na unguwar Federal Low-Cost ta birnin Gombe, akwai wata wuƙa guda da ba a barin ta a madafa tare da sauran wuƙaƙe. Wata gado ce daga mahaifi, wata tsaraba ce daga Agadas ko Kasuwar Kurmi ta Kano, wata kuma kyauta ce daga maigidan siyasa ranar da aka yi masa naɗin sarauta. Ƙotarta ta ƙaho ce ko ta icce mai nauyi, an yi mata ɗaurin azurfa ko tagulla, kubenta kuwa na jar fata ne wanda baduku ya zauna ya zuba masa zane. Ba ta da girma, tana shiga aljihun kaftani ba tare da ta nuna ba. Tambayar da kan taso a majalisar bayan Magariba ita ce, mutumin da ya mallaki irin wannan abu, ya dace ya riƙa fita da shi kullum, ko kuwa ya adana shi?

Masu muhawarar sukan tsaya a kan kuɗi. Ɓangare guda yana ganin wauta ce mutum ya jefa abin da kuɗinsa zai iya kamo mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 cikin aljihu ɗaya da makullai da canjin Keke, inda azurfar za ta karce, zanen kuben ya goge, wata rana ma a neme ta a rasa. Ɗaya ɓangaren yana cewa maƙeri bai sha zafin wuta domin a kulle aikinsa a akwati ba, kuma wuƙar da ba ta yanka komai ba ta da bambanci da cokalin ado.

Idan a nan maganar ta tsaya, masu cewa a yi amfani da ita su ne da gaskiya, kuma ƙarfen kansa yana bayansu. Wuƙar maƙera ba irin ta kanti ba ce da ba ta tsatsa. Baƙin ƙarfe ne, sau da yawa daga sifirin tsohuwar mota aka sare shi, aka ƙera, aka ba shi ruwa. Irin wannan ƙarfe ya fi ɗaukar kaifi, ya fi sauƙin wasawa, amma yana son hannu. A bar shi cikin kube tun daga farkon damina har ƙarshenta, fatar za ta riƙe laima, ranar da aka zare shi a tarar da jan tabo a ruwan wuƙar. Hunturu ya zo kuma ya busar da fatar ta tsage, ƙahon ƙotar ya yi sanyi ya saki. Wuƙar da ake taɓawa, ana goge ta, ana shafa mata mai, ana ɗora ta a dutse lokaci-lokaci, ita ce ke kaiwa ga jikoki. Saboda haka wanda ya kulle tasa domin tsoron lalacewa ya zaɓi hanyar da ta fi saurin lalata ta.

Sai dai amfani da wuƙa daban, yawo da ita a jiki daban, kuma a nan ne muhawarar majalisa take barin abin da ya fi muhimmanci. Ma'aikacin tarayya ko hadimin wani babba da ke zaune a Gombe, yana zirga-zirga tsakaninta da Abuja, bai kamata ya fita da irin wannan wuƙa kullum ba. Dalilin ba ya cikin wuƙar. Yana cikin titin da za a bi da ita, da ƙofar da za a shiga da ita, da takardar ɗaukar aikin da ke cikin fayil ɗin mai ita.

Ya kamata a yi wa al'adar adalci tukuna. Kakannin da suka ɗaura wuƙa a damtse ko a ƙugu ba don fitina suka yi ba. Makiyayi yana buƙatarta a kowace sa'a, domin idan saniya ta faɗi tana shure-shure a daji, tsakanin nama da mushe 'yan daƙiƙu ne, wanda ba shi da wuƙa a jikinsa ya yi asarar dabbar baki ɗaya. Falke yana yanke igiya da ita, yana gyara mangala. Manomi yana fere rake, yana sassaƙe ƙotar fartanya. Malami da almajiri suna fiƙe alƙalami. Matafiyi yana gyara asuwaki, yana raba goro, yana yanka abin da aka ba shi a masauki. A wancan zamani namijin da ya fita ba wuƙa kamar wanda ya fita yau ba waya ne. Harshe ma ya adana wannan daraja: wanda iko ya tattaru a hannunsa, ana cewa shi ke da wuƙa da nama, mutumin da ba ya magana biyu kuma ana kiran sa kaifi ɗaya.

Bayan wuƙar kuma akwai sana'o'i uku da ke cin abinci. Maƙerin baƙi ne ke fitar da ruwan, da zuga-zugi da masaba da uwar maƙera. Maƙerin fari, mai aikin azurfa da tagulla, shi ke yi mata ado. Baduku ya rufe da kube, galibi da fatar jar akuyar nan ta ƙasar Sakkwato, wadda fatake suka daɗe suna ƙetare Sahara da ita har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko. Wanda ya sayi wuƙa mai tsada daga hannun waɗannan mutane bai yi almubazzaranci ba. Ya taimaka wa sana'ar da kayan kanti masu arha ke neman shafewa, kuma ya fi wanda ya zuba kuɗin a hular da aka saƙa da inji a wata nahiya.

Amma ko a wancan zamani ba kowane ƙarfe ake shiga kasuwa da shi ba, kuma matsayin makami yana sauyawa da sauyawar zamani. Ƙasar Gombe ta shaida hakan da idonta. A Burmi, cikin wannan jiha ta yau, aka yi karon ƙarshe tsakanin rundunar Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya da sojojin Ingila a watan Yulin 1903. Daga nan takobi ya tashi daga kayan yaƙi ya koma kayan hawa. Ba a jefar da shi ba, ba a kuma daina ƙera shi ba. An ba shi rana da wuri, ranar Sallah a kan doki a gaban fada, kuma babu wanda ya ce an ci mutuncin al'ada domin hakimi ba ya zuwa ofis da takobi a rataye.

Abin da ya faru da takobi a hannun Bature, shi ne ya faru da wuƙa a hannun 'yan Kalare, sai dai wannan karon daga cikin gida ne. Gombe ta zama babban birnin jiha ranar 1 ga Oktoban 1996, garin ya buɗe, ma'aikata da 'yan kasuwa da masu neman abin yi suka kwararo. Cikin 'yan shekaru da dawowar mulkin farar hula, sai gungun matasa masu adduna da gora da wuƙaƙe suka zama wani ɓangare na siyasar garin. Ƙungiyar Human Rights Watch, a rahoton da ta fitar a 2007 kan tashin hankali da iyayen gida a siyasar Najeriya, ta keɓe wa Gombe da Kalare sashe na musamman. Gwamnatocin da suka biyo baya, ta Ibrahim Hassan Ɗankwambo daga 2011 da ta Muhammadu Inuwa Yahaya daga 2019, kowace ta yi nata ƙoƙarin, da rarrashi da samar da aikin yi da kamu, amma sunan bai ɓace daga bakin mutanen gari ba. Makwabta ma kowa da nasa: Sara-Suka a Bauchi, 'Yan Shila a Yola, 'yan daba a Kano. A shekarun baya-bayan nan ƙwacen waya ya ƙara wa lamarin muni, domin makamin mai ƙwacen waya wuƙa ce, kuma ba ya jinkirin amfani da ita.

Sakamakon haka, wuƙa a jikin namiji a kan titin Gombe ta rasa ma'anarta ta da. Ɗan sandan da ya tsayar da babur da dare a kan hanyar Tashar Dukku ko ta Pantami, ya laluba aljihu ya ji ƙarfe, ba zai tambayi wane maƙeri ne ya ƙera ba. Fitilar hannunsa ba ta bambanta azurfar Agadas da gwangwani. Abin da ya sani shi ne jiya an soki wani, kuma an ce masa ya kamo masu makami. Ba za a zarge shi a kan haka ba. Matar da ke cikin Keke ta ga fasinjan gefenta ya zaro wuƙa zai ɓare lemo, ita ma ba kyan ƙotar za ta fara gani ba. Mai wuƙar ya san niyyarsa, sauran jama'a ba su da hanyar saninta, kuma a garin da aka binne matasa saboda waya, suna da haƙƙin tsorata.

Doka ma ba ta san tsada ba. Dokar fashi da makami ta 1984, wadda har yau take aiki, da ta zo fassara abin da take nufi da makami ta ambaci wuƙar suka da sunanta, a jere ɗaya da adda da mashi da kwari da baka. Dokar kiyaye zaman lafiyar jama'a ta 1979 ta hana riƙe makami a taro ko jerin gwano. Dokar Zaɓe ta 2022 ta tanadi tarar da za ta iya kaiwa Naira miliyan biyu, ko ɗaurin shekara biyu, ko duka biyun, ga wanda aka samu da makami a gangamin siyasa ko wurin zaɓe ba tare da aikin hukuma ne ya kai shi ba. Wannan na ƙarshen ya fi shafar hadimai, domin rabin rayuwarsu a gangami take, a bayan maigida, cikin turmutsitsi da ihu da magoya bayan abokin hamayya a tsallaken titi. Hadimin da aka zaro wa wuƙa daga aljihu a irin wannan wuri, kafin ya gama bayanin cewa ta kakansa ce, hotonsa ya zaga Facebook da WhatsApp da sunan ɗan daban wane. Maigidan kuwa, wataƙila shi ne ma ya ba shi kyautar, zai fitar da sanarwar nesanta kansa kafin La'asar. Muƙamin hadimi ba shi da kwamitin ladabtarwa, ba shi da ɗaukaka ƙara, da sanarwa ake ba da shi, da sanarwa ake karɓewa.

Ma'aikacin dindindin yana da kariyar da ta fi wannan, amma ba kariyar da zai so ya gwada ba ce. A ƙarƙashin Dokokin Aikin Gwamnati, jami'in da ake tuhuma da laifi a kotu ana iya dakatar da shi a kan rabin albashi har a gama shari'a, kuma kowa ya san shari'a a ƙasar nan ba ta gaggawa. Idan aka same shi da laifi, wannan yana cikin manyan laifuffukan da ke kai ga kora. Ko da an sallame shi daga caji ofis a daren, bayan kiran waya da neman mai tsaya masa, labarin zai riga shi isa ofis, ya zauna a bakin abokan aiki har lokacin ƙarin girma. Mutumin da ya shekara ashirin yana tara fansho, ya ɗora wannan duka a kan sikeli ɗaya da jin daɗin taɓa ƙotar ƙaho a aljihu, lissafin bai fita ba.

Sannan ga ƙofofi. Tun bayan harin da aka kai hedikwatar 'yan sanda a Abuja a watan Yunin 2011 da na ginin Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Agustan wannan shekara, shiga manyan gine-ginen gwamnati a babban birnin tarayya ya koma sai an bi ta na'ura. Gombe ta sha nata rabon: Tashar Dukku a Disamban 2014, babbar kasuwa a Yulin 2015 ana jajiberin Ƙaramar Sallah. Daga lokacin na'urar gano ƙarfe ta zama abin gani a ƙofar banki da otal da wuraren taro, har da wasu masallatan Juma'a. Ranar aiki ta ma'aikaci guda tana iya ratsa irin waɗannan ƙofofi uku ko huɗu. A kowace sai ya zaɓa: ya miƙa wuƙar ga maigadin da bai sani ba, ya koma ya ɓoye ta a mota, ko ya yi ƙoƙarin wucewa da ita a ɓoye, wanda shi ne mafi muni. A filin jirgin sama na Lawanti ko na Nnamdi Azikiwe babu ma zaɓin, wuƙa ba ta shiga jirgi a jakar hannu. Wanda ya manta da ita a aljihu, jakarsa ta riga ta wuce, ana kiran fasinjoji, zai bar ta a kan tebur. Wuƙar Naira dubu biyu ce ake barinta a wuce ba waiwaye. Ta gado kuwa, ko dai jirgin ya tashi ba shi, ko ya tashi da ciwon da ba ya warkewa. Abin mamaki, tsadar da ake kafa hujja da ita domin a riƙa ɗauka, ita ce ke sa ɗaukar ta zama nauyi.

Wannan matsala ba ta Najeriya kaɗai ba ce. Kamfanin Victorinox na ƙasar Suwizalan, wanda Karl Elsener ya kafa a 1884, shi ne mai jar wuƙar aljihun nan mai almakashi da mabuɗin kwalba wadda duniya ta sani. Bayan harin 11 ga Satumban 2001 a Amurka, da aka hana shiga jirgi da wuƙa, cinikin wuƙaƙensa ya faɗi da fiye da kashi 30 cikin 100. A 2024 shugaban kamfanin ya bayyana cewa suna aikin ƙera samfurin da ba shi da ruwan wuƙa sam, saboda dokoki sun tsananta a ƙasashe da dama. Idan masu sana'ar da suka haura shekara ɗari suna cin abinci da wuƙar aljihu sun karanci zamani haka, ma'aikacin da ke buɗe ambulan da ita ba shi da dalilin yin taurin kai.

Akwai hujja guda da ta rage, wadda ba a cika faɗinta a fili ba, amma ita ce a zuciyar da yawa: kare kai. Mutum yana dawowa daga aiki ko daga ɗaurin aure da dare, unguwa ba wuta, an san abin da ke faruwa a lunguna. Tsoron gaskiya ne, ba abin dariya ba. Amma wuƙa mugun abokin tafiya ce ga wanda bai saba faɗa ba. Masu tare hanya ba su zuwa su kaɗai, ba su ba da sanarwa, kuma sun fi akawu ko jami'in tsare-tsare sanin yadda ake suka. Zaro wuƙa a gabansu yana mayar da ƙwacen waya ya koma neman rai. Idan kuma mai ita ne ya yi galaba, bai tsira ba tukuna. Kundin Final Kod ya yarda da haƙƙin kare kai, amma da sharaɗin kada a wuce gwargwadon abin da ya wajaba, kuma alƙali ne zai auna gwargwadon, ba wanda abin ya faru da shi ba. Mai gabatar da ƙara zai tambayi abu guda: me ya sa ya fito da ita daga gida tun farko?

Haɗarin da ya fi kusa ma ba na ɓarawo ba ne. Na fushi ne. Gogar mota a shataletale, musu a layin mai, rikicin iyakar fili, gardamar siyasa da ta zarce. Waɗannan kullum ana yin su, kullum kuma suna ƙarewa da zagi da shiga tsakani, kowa ya tafi gida. Ƙarfe a aljihu ne ke sauya ƙarshen labarin. Mai haƙuri ma yana da ranar da haƙurinsa ke ƙarewa, kuma gara ranar ta same shi hannu banza. Addini ya riga ya hango wannan. A Bukhari da Muslim an ruwaito umarni ga wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau, da ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani rauni, an kuma hana nuna ɗan'uwa da makami ko da wasa, domin mutum bai san inda Shaiɗan zai fizgi hannunsa ba. Wannan a zamanin da makami kayan kowa ne. Abin lura shi ne an ɗora nauyin a kan mai ɗauke da makamin, ba a ce jama'a su saba ba.

Masu son al'ada sukan kawo misalin Oman, kuma misali ne mai kyau, sai dai ba ya tabbatar da abin da suke so. Lanƙwasasshiyar wuƙar ƙugun mutanen Oman tana kan tutar ƙasar da tambarinta, kuma a 2022 hukumar UNESCO ta sanya sana'arta cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa. Amma a can ɗaura ta ake yi a fili, a gaban ciki, a kan ɗamara, ranar biki ko taron hukuma ko ɗaurin aure. Sutura ce, kowa yana ganinta, kowa ya san ranarta. Abin da ake magana a kai a Gombe wuƙa ce a ɓoye cikin aljihu ranar Talata a sakatariya. Ta fi kusa da abin da ake tsoro fiye da abin da ake alfahari da shi.

Inda ya kamata a koya daga waje shi ne wajen fayyace doka. A Ingila dokar 1988 ta yanke magana: wuƙa mai naɗewa wadda kaifinta bai wuce inci uku ba, ana iya ɗaukarta ba tare da bayani ba, muddin ba mai kullewa ba ce. Abin da ya wuce haka sai da dalili, kuma dokar ta ambaci uku da sunansu: aiki, addini, da tufafin gargajiya na ƙasa. Da wannan ne mabiyin addinin Sikh yake ɗaura tasa, ɗan Sukotlan yake soke tasa a safa ranar biki, mahauci yake tafiya wurin aiki da kayansa. Wanda ba shi da dalili yana iya shan ɗaurin shekara huɗu. Kowa ya san inda layin yake, da ɗan sanda da ɗan gari.

A nan babu irin wannan layi da talaka ya sani, kuma rashinsa ba kowa yake cuta daidai ba. Wannan shi ne ɓangaren da ya kamata ya dami masu karanta wannan shafi fiye da makomar wuƙarsu. Hadimin da ke cikin ayarin motocin maigida ba a taɓa laluba aljihunsa a shinge. Darakta mai lambar gwamnati, ɗaga masa hannu ake yi. Wanda ake saukewa daga babur a jera a bakin titi shi ne yaron mahauci da ke dawowa daga kwata, da Bafulatanin da ya kawo dabba kasuwa, da mai rake, da mai gyaran takalmi, wato mutanen da su ne suke da cikakken dalilin ɗaukar wuƙa. Duk lokacin da rundunar 'yan sanda ta fitar da sanarwar hana yawo da makamai gabanin Sallah ko zaɓe, a kan waɗannan take sauka, kuma fitarsu daga hannu takan ci kuɗin cinikin mako. Babban da ke yawo da wuƙar azurfa domin ya san ba za a taɓa shi ba, yana more wata alfarma ce da aka hana masu buƙatar gaske. Yaran unguwa kuma suna kallo. Da wane baki zai ce wa ɗan shekara goma sha bakwai ya ajiye tasa?

Mutanen da ke rubuta wa gwamnoni da ministoci da 'yan majalisa takardu suna da abin yi a nan wanda ya fi muhawarar majalisa amfani. Majalisar Dokokin Jihar Gombe tana iya yin doka gajera da za ta faɗi tsawon da aka yarda da shi, ta ambaci sana'o'in da aka keɓe, ta ambaci ranakun hawa da bukukuwan da masarautu ke kula da su, ta kuma wajabta ba da rasit ga duk abin da aka karɓe a shinge. Sarkin Maƙera da Sarkin Fawa da ardo-ardo sun san mutanensu, za su iya ba da shaida. Irin wannan doka za ta rage wa ɗan sanda zato, ta rage wa mahauci kuɗin beli, ta kuma bar maƙeri ya sayar da aikinsa ba tare da mai saye yana waige-waige ba.

Ita kuwa wuƙar alfarmar, aikinta bai ƙare ba domin an cire ta daga aljihun ofis. Gida yana da abin yanka fiye da sakatariya. Ranar suna akwai rago, ranar Babbar Sallah akwai layya, inda aka so a wasa wuƙa sosai domin a hutar da dabba, kuma ƙaramar wuƙa mai kaifi ita ce ta fiɗa da gyaran nama bayan babbar ta gama nata. Ma'aikatan Gombe da yawa suna da gona a wajen gari, ta hanyar Dadin Kowa ko Kumo ko Bajoga, can wuƙa a ƙugu ba ta tayar wa kowa da hankali. A can ne yaro zai ga yadda mahaifinsa ke riƙe ta, yadda yake miƙa ta da ƙota ba da tsini ba, yadda yake goge ta kafin ya mayar kube. Idan tafiyar ta mota ce, a naɗe ta cikin jakar kayan gona a but, tare da igiya da fartanya, inda duk wanda ya buɗe zai ga dalilinta ba sai an yi masa bayani ba. Wanda kuma aikinsa na ofis yake buƙatar abin yanka da gaske, mai kula da sito ko injiniyan da ke fere waya, ya ajiye 'yar mai naɗewa ta kanti a aljihun tebur ko akwatin kayan aiki, wadda idan maigadi ya karɓe ta za a sayi wata da kuɗin abincin rana.